Giwar Yankari Tana Cin Gonar Talaka, Kuɗin Kallonta Yana Tafiya Birni

Duk shekara idan kaka ta kama, dawa ta sunkuyar da kai, masara ta bushe a jikin kara, akwai ƙauyuka a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi da magidanta ba sa kwana a ɗaki. A gona suke kwana, da tocila da tsohon gwangwani da guntun ƙarfen bugawa, su hura wuta a bakin kunya su kasa kunne. Giwaye suke gadi. Garke ɗaya in ya fito daga dajin Yankari ya faɗa gona, kafin kiran assalatu an gama magana: abin da ba su ci ba sun tattake shi. Babbar giwa ɗaya tana iya cinye kilo 150 na ganye da ciyawa da hatsi a yini. To ƙiyasta garke guda a gonar mutumin da duk nomansa na shekara bai wuce ya cika rumbu ɗaya ba.

Da gari ya waye, ina zai kai kuka? Da akuyar maƙwabci ce ta yi masa ɓarna, ya san ƙofar gidan mai unguwa. Da shanu ne, ya san inda Arɗo yake, a je a duba gona, a ƙiyasta, a biya ko a ba da haƙuri ido da ido. Giwa kuwa, kamar yadda mutanen wurin ke faɗa, ta gwamnati ce. Ka taɓa ta ka kwana a gidan yari, ta taɓa ka kuma sai ka rungumi ƙaddara. Wannan mutumin shi ne muke zuwa daga birni da farar mota muna yi wa lacca a kan cewa namun daji dukiyar ƙasa ce, ya kamata ya so su.

Ni ina cikin masu son giwayen nan su rayu, kuma saboda haka ne nake ganin lissafin da ake yi a kansu ya karkace tun daga tushe. Muddin wanda ke kwana kusa da daji shi ke ɗaukar asara, wanda ke nesa kuma shi ke karɓar kuɗin ƙofa, muddin ɗan manomin Duguri ko Pali ko Gwana zai girma bai taɓa shiga ya ga giwa da rana tsaka cikin natsuwa ba, sai dai ya san ta a matsayin baƙar inuwar da ke cinye abincin gidansu da dare, to ko an zuba masu gadi dubu da bindigogi, lokaci kawai ake saye.

Yankari ba ƙaramin wuri ba ne. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, wato ya fi rabin Jihar Legas. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Kogin Gaji ya ratsa shi, kuma shi ne ran dajin, don da rani duk wani mai numfashi bakinsa yake nufa: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu, ga dorina da kada a cikin ruwa, ga tsuntsaye sama da iri 350. A duk faɗin Najeriya wurare biyu kacal aka tabbatar zaki ya rage a daji, Yankari da dajin Kainji, kuma in an haɗa su duka ba su kai 50 ba. Raƙumin dawa da kyarkeci kuwa tuni suka ƙare a Yankari, sai labari.

A 2006 an ƙirga giwayen dajin daga jirgin sama aka samu kusan 350. Yanzu ƙiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba. Masu neman haure ne suka yi wannan aika-aika cikin 'yan shekaru. A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka mai kare namun daji a kan tsaron dajin, aka fara ba masu gadi guzuri da takalma da kuɗin sintiri a kan kari, kuma daga 2015 aka yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka harbe ba. Wannan abin yabo ne, kuma duk wanda ya san abin da ake nufi da kwana bakwai a daji da ƙafa, cikin ƙudan tsando, kana bin sawun mutumin da ke riƙe da bindiga, ba zai raina masu gadin nan ba. Akwai waɗanda suka rasa rayukansu a bakin wannan aiki. Sai dai giwa ba zomo ba ce wajen haihuwa. Wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Abin da aka kashe cikin shekara takwas, jikokinmu ne za su ga ya dawo, in ma ya dawo. Kuma duk Najeriya giwayen da suka rage ba su wuce 400 ba, don haka garken Yankari yana cikin na ƙarshe-ƙarshe.

Tsaron bindiga yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce bakin ƙauye. Maharbin da ya taso daga nesa bai san inda garke ke shan ruwa ba, bai san ranar da 'yan sintiri suka bi ta gabas ba, bai san gidan da zai ɓoye kaya ba. Da ɗan gari akan ci gari. In ɗan garin nan yana jin haushin giwa, ba sai ya ɗauki bindiga ba, shirunsa kaɗai ya isa. In kuwa yana ganin giwar nan ce ta haƙa musu rijiya, ita ce ke biyan albashin ƙanensa, to baƙon fuska ba zai kwana biyu a garin ba labari ya kai inda ya kamata.

Ba mafarki nake ba, maƙwabtanmu sun gwada. A Kure ta ƙasar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda a da suke yawo daga Senegal har bakin Tafkin Chadi, ciki har da dazukanmu. A 1996 guda 49 suka rage a duniya baki ɗaya, dukansu a wannan yanki. Babu shinge, babu gandun da aka kori mutane daga cikinsa. A cikin gonakin Zabarmawa suke kiwo, su ci ganyen gawo da bagaruwa, kuma ba waliyyai ba ne, suna cin waken mutane da mangwaronsu. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su da gaske, ƙungiyoyi kuma suka shigo ta ƙofar da ta dace: rijiyoyi, ƙananan rance ga mata, iri da taki, sannan samarin ƙauyukan suka zama 'yan rakiya masu kai baƙi kallo ana biyansu. Cikin shekara ashirin da 'yan kai adadinsu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama da suka wuce. Nijar ba ta fi mu kuɗi ba, kowa ya sani. Abin da ta yi shi ne ta sa manomi a cikin lissafi.

Labarin Kure yana da ɗaci a ƙarshensa, kuma bai kamata a ɓoye ba. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ɗaya daga cikinsu jagoran 'yan rakiya ne. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Duk tsarin da ya jingina da Bature mai kyamara, rana ɗaya tak ta isa ta rushe shi. Shi ya sa nake ganin masu kallon da Yankari ke buƙata mu ne, mutanen Bauchi da Gombe da Jos da Kano, waɗanda ba sai ofishin jakadanci ya ba su izinin tafiya ba.

Wani abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne na dajin Sumu da ke Jihar Bauchi. A 2006 ƙasar Namibiya ta ba Jihar Bauchi kyautar namun daji kusan 300, da raƙuman dawa da jakunan dawa da sauransu, aka yo jigilarsu tun daga kudancin Afirka aka zuba a Sumu. Madalla. Amma abin da ya sa Namibiya ke da dabbobin da har take kyauta da su, wata doka ce ta 1996 da ta ba mutanen karkara ikon kafa ƙungiyoyinsu su kula da namun dajin yankinsu, kuɗin da aka samu kuma ya shiga hannunsu. Mun ɗauko dabbobin, mun baro dokar a can. A Yuganda ma doka ce ta ce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji na ƙauyukan da ke kewaye da shi ne. Mene ne zai hana Majalisar Dokokin Bauchi ta rubuta irin wannan a shafi ɗaya? Gwamna Bala Mohammed, wanda ya hau mulki a 2019, ɗan Duguri ne, ba sai an yi masa bayanin abin da giwa ke yi wa gona ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini: mutane na kwana da yunwa, ana sace su a hanya, kai kana maganar giwa. Tambaya ce mai nauyi, amma a duba sunayen da ke firgita mu a labarai yau. Sambisa gandun namun daji ne tun zamanin Turawa, har da giwaye a ciki. Kamuku na Birnin Gwari, Kuyambana na Zamfara, Rugu na Katsina, Falgore na Kano, dukansu dazuka ne da aka keɓe da sunan gwamnati, aka hana talaka shiga, daga baya ita gwamnatin ta janye ƙafa ta bar su ba mai gadi ba mai ziyara. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga ba ya zama fanko, wasu ne ke tarewa. Abin da ya raba Yankari da waɗannan zuwa yanzu, har da cewa akwai masu sintiri a cikinsa kullum, akwai motocin baƙi da ke shiga da fita, akwai idanu. Ga shi kuwa a 'yan shekarun nan an fara jin hare-hare a wasu sassan Alkaleri. Wanda bai damu da giwa ba, ya damu da wannan: kuɗin takalmin mai gadin daji ya fi kuɗin jirgin yaƙi sauƙi.

Sai maganar makiyaya, wadda ake yawan yi da zafin rai. Gaskiya ne ana kora shanu cikin Yankari, kuma gaskiya ne idan zaki ko kura ta kashe saniya, wani kan zuba guba a mushen don ramuwa. Gubar ba ta zaɓe. Zakin zai ci, kura ta ci, dila ya ci, ungulaye su sauko su ƙarasa, duk su mutu a wuri ɗaya. Wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda ungulu ke cika rufin mahauta da bishiyoyin bakin kasuwa. Yau je ka kwata a manyan garuruwanmu ka ɗaga kai. Guba da masu sayen kanta don haɗa magani sun kusa gamawa da ita, har tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Amma kafin a zagi Bafulatani a tambaya, ina burtalin da kakansa ke bi? Ina makiyayar da dokar 1965 ta keɓe masa? An nome su, an yanka filaye, wasu manya sun kewaye da waya. Wurin da ya rage da ciyawa da ruwa a watan Maris shi ne cikin gandu. Kama shi da cin tararsa ba ya haifar da ciyawa a waje. In ana son shanu su fita daga Yankari, sai an buɗe musu inda za su.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, don shi ne wanda ba ya buƙatar biliyoyi. Mu kanmu da muke zuwa Yankari, me muke zuwa yi? Ka baro Bauchi, ka ratse a Dindima, ka isa ƙofa a Mainamaji, ka ƙara tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin ka kai masaukin Wikki. Da an sauke jaka kowa sai gangarawa ruwa. Ban ga laifinsu ba, ruwan Wikki abin mamaki ne: daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, ko da hunturu ko da bazara. A yi wanka, a ci shinkafa, a yi kokawa da gwaggon birin da ya fizge ledar burodi daga hannun yaro ya haye rufi yana ci yana kallon mutane, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a kama hanya. Da yawa ba sa shiga motar zagaya daji ma. Waɗanda suka shiga kuma, sau da yawa da tsakar rana suke fita, lokacin da kowace dabba mai hankali ta shige inuwa, ana kiɗa a waya ana hira da ƙarfi, a dawo ana cewa ai babu komai a ciki sai birai.

Akwai komai, ba a koya mana kallo ba ne. Yaron Arewa ya san zaki a keji a gidan zu na Kano ranar Sallah, yana kwance kamar mara lafiya ana jifansa da bawon rake don ya motsa. Ya san kura da takunkumi a baki, gardi na jan ta da sarƙa a kasuwa. Ya san su a tatsuniya, inda kullum kura ce wawiya, Gizo ne mai wayo. Abin da bai sani ba shi ne tsayawa shiru minti goma a bakin kogi da sassafe, wani ya nuna masa sawu a laka ya ce wannan ɓauna ce, ta wuce ba da jimawa ba, duba yadda gefen sawun bai bushe ba. Ya nuna masa kashin giwa, ya fasa da sanda, ga ƙwallon aduwa da na giginya a ciki sun fara tsiro, ya gane ashe ita ce ke shuka dajin da kanta. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya, ko ya zama kwamishina ba zai sa hannu a yanka dajin ba cikin sauƙi.

Masu iya nuna wannan suna nan da ransu, kuma su ne muke kira ɓarayin daji. Kusan kowane gari yana da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, yana da tsofaffin maharba da suka san kukan kowane tsuntsu da amfanin kowane saiwa, waɗanda za su gaya maka inda iska ke kaɗawa kafin ka matsa kusa da garke. Iliminsu ba ya cikin littafi, kuma yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya. An riga an fara ɗaukar wasu mutanen ƙauyuka aikin sa ido a kan giwaye, su buga waya idan garke ya doso gonaki, kuma an ɗaura wa wasu giwayen na'urar da ke nuna inda suke. A faɗaɗa wannan. Maharbin da ke samun albashi don ya nuna wa 'yan makaranta gwanki a raye, gwankin ya fi masa amfani yau da gobe da jibi fiye da ranar ɗaya da zai sayar da namansa a kasuwa. Wasu za su ce ba a ba kura ajiyar nama. Ni dai na fi yarda da wanda ya san dajin kuma aka ba shi dalilin tsare shi, a kan wanda aka turo daga ofis da takarda bai san gabas da yamma ba.

Malamanmu ma suna da abin faɗa, in sun so. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummu ne kamarmu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya keɓe fili a Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe a Rabaza, kuma hurumin da kakanninmu suka sani a bayan gari irin wannan ne. Ban ga dalilin da zai sa tsare daji ya ci gaba da zama kamar wata bidi'ar Turawa a kunnen mutanenmu ba, alhali huɗuba ɗaya a kan zuba guba a mushe za ta isa inda takardar ma'aikatar muhalli ba za ta taɓa isa ba.

Game da diyyar gona, na san tsoron da ake ji: da an ce akwai kuɗi, gonakin da giwa ba ta taɓa gani ba za su fito a takarda, kuma rabin kuɗin zai maƙale a hanya. Kenya ta sa diyya a dokarta ta 2013, kuma har yau manoma na bin bashi, don haka ba abu ne mai sauƙi ba. To a yi shi yadda aka saba yin na ɓarnar shanu. Dagaci da mai gadin daji da wakilin manoma su taka gonar kafin rana ta faɗi, a ɗauki hoto da waya, na'urar da ke wuyan giwa ta tabbatar garke ya bi ta wurin, a biya da buhun hatsi a bainar jama'a maimakon kuɗi a ambulan. A kuma taimaka wa mutane tun kafin ɓarna: a Kenya an gano giwa na tsoron ƙudan zuma, ana jera amya a gefen gona a haɗa su da waya, in ta taɓa wayar zuma ta tashi sai ta juya. Mutanen Bauchi ba baƙin amya ba ne, ga zumar kuma ta sayarwa.

Na yaran kuwa ba ya buƙatar jiran kowace doka. Makarantun firamare da na allo da ke ƙauyukan gefen dajin su ne ya kamata su fara shiga, kyauta, kafin 'yan makarantun kuɗi na birni. Mota ɗaya, malami ɗaya, tsohon maharbi ɗaya, a tashi bayan sallar asuba. Lokacin da ya fi dacewa daga Fabrairu ne zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, tafkunan cikin daji suka ƙafe, dabbobi suka taru a bakin Gaji. Ya kuma zo daidai da lokacin da babu aikin gona, don haka uban yaron ma, wanda ya kwana yana buga gwangwani a watan Oktoba, a ba shi kujera a motar.